Tambayoyi da amsoshi kan ƙera na'urar fitar da ƙwallo a ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe

Duk wanda ya ajiye ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe a gida, ba ya daɗewa sai ya yi sha'awar fitar da dunƙulallen kai, ko na hannun liba, ko na sandar giya, ko na mariƙin ƙofa. Na'urar da ke wannan aiki ana sayar da ita, amma da yawa daga masu sha'awar aikin da kansu suke ƙera tasu, domin kowane inji da tsayinsa da ramukansa. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Wace irin na'ura ce wannan, kuma me ya sa injin shi kaɗai ba zai fitar da ƙwallo ba?

Injin sassaƙa tafiya biyu ya sani. Sirdi yana kai wuƙa hagu da dama, silaidin gicciye yana kai ta ciki da waje, kuma dukansu miƙaƙƙun layuka ne. Ƙwallo kuwa tana so bakin wuƙa ya bi lanƙwasa. Na'urar ba ta wuce faifai mai juyawa a kan turke ba, da mariƙin wuƙa a samansa, da doguwar sanda da kake ja da hannu. Kamar akuyar da aka ɗaure ce: duk inda ta zaga, tazararta da turke ba ta canzawa. Wannan tazara tsakanin bakin wuƙa da tsakiyar turke ita ce rabin faɗin ƙwallon da za ta fito.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: layin da ya ratsa tsakiyar turke dole ya haɗu da layin tsakiyar da ƙarfen yake juyawa a kai. Kusan duk matsalolin da ke ƙasa daga nan suke tasowa.

Ba za a iya yi da magagari kawai ba?

Ana yi, kuma tsofaffin masu aikin sun daɗe suna yi. Sai ka sare kusurwoyi da wuƙa mataki-mataki, ka bi da magagari, kana gwadawa da ramin wosha har ya zauna ko'ina. Ƙaramar ƙwallo a tagulla, wadda ba ta kai milimita 10 ba, ana iya wasa wuƙa mai kwarmin rabin da'ira a tura ta kai tsaye. In guda ɗaya kake so, wannan ya ishe ka. In kana son shida masu kama ɗaya, a nan ne ƙera na'urar yake biyan wahalarsa.

Iri nawa ce, kuma wacce ta dace da ni?

Iri biyu aka fi sani. Ta farko tana kwanciya a kan silaidin gicciye bayan an cire ƙaramin silaidi na sama. Turkenta a tsaye yake, a ƙarƙashin ƙwallon, wuƙa tana zagayawa daga gefe zuwa goshi. Ta biyu ana maƙala ta a mariƙin wuƙa, turkenta a kwance, wuƙa tana hawa ta saman ƙwallon ta sauka. Yawanci da kan faɗaɗa rami na injin milin (injin da wuƙarsa ce ke juyawa, ba ƙarfen ba) ake haɗa ta, irin mai faɗin milimita 50, kuma daɗinta shi ne kan yana zuwa da ma'auninsa, ana ƙara ko rage girman ƙwallo da alanki ba tare da an kwance komai ba.

A ganina mai ƙaramin inji, irin na ƙasar Sin da ake kira 7x12 ko 7x14, ya fara da ta farkon. Ta biyun tana leƙowa nesa da inda aka ɗaure ta, ƙaramin silaidin waɗannan injuna kuma dama ba shi da ƙwari, sai ka ji wuƙa tana kuka. Mai inji mai nauyi, kamar Myford ML7 na Ingila da aka fara fitarwa a 1946, ko South Bend mai inci 9 na Amurka, duk wadda ya zaɓa za ta yi masa. Sauran amsoshin nan a kan ta farkon suke, sai inda aka ambaci ɗayar.

Kafin in yanka ƙarfe, me zan fara aunawa?

Abu biyu, kuma mutane da yawa sai sun gama ƙira suke tunawa da su. Na farko tsayi daga saman silaidin gicciye zuwa tsakiyar inji. Cikin wannan ɗan tsayi ne za ka cusa farantin gindi da faifai, sannan a sami sararin da rabin ƙwallo zai juya. A ce ka auna ka sami milimita 55. In faranti ya ci 10, faifai ya ci 15, saura 30, ke nan ƙwallonka ba za ta taɓa kai milimita 60 ba, kuma in ka bar 'yar tazara sai ta tsaya wajen 50. Duk milimitar da ka ƙara wa gindi, biyu ka rage wa ƙwallo.

Na biyu, ka murɗa silaidin gicciye har ƙarshe ka ga ko inda kake shirin huda ramin turke zai iya isa ƙarƙashin layin tsakiya, har ya ɗan wuce. In bai isa ba, ka matsar da ramin gaba a jikin farantin. Ramukan ɗaurewa kuwa daga injinka za ka kwafe su. Ƙananan injunan Sin da noti biyu suke riƙe ƙaramin silaidi, su Myford kuma suna da dogayen kwaroro a saman silaidin inda kan noti ke shiga.

Wane ƙarfe ya kamata, kuma ina ake samu?

Baƙin ƙarfe mai laushi ya wadatar ga faranti da faifai da mariƙi. Ƙarfen zubi ya ma fi, saboda yana shanye girgiza kuma yana zamewa lafiya a kan ɗan'uwansa, sai dai ƙurarsa baƙa ce mai cin hanyoyin inji, wato inda sirdi ke zamewa, dole ka shimfiɗa takarda ka share bayan aiki. Alminiyam yana da sauƙin sassaƙa, amma in fuska biyu na alminiyam suna gogar juna sukan kama su yage. In shi ka samu, ka sa siririyar woshar tagulla tsakani.

Guntun faranti mai kaurin milimita 10 zuwa 12 da guntun sanda mai faɗin 70 zuwa 80 ba sa wuyar samu wajen 'yan gwangwan, ko a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da ƙaramin magagari a aljihu. Duk ƙarfen da ka goga ya zame bai ci ba, ka bar musu kayansu. Tsohon shaf ɗin mota yana da kyan gani amma zai cinye maka bakin wuƙa.

Ba ni da injin milin. Zan iya fitar da kwaroron da mariƙi ke zamewa a ciki?

Za ka iya kauce masa gaba ɗaya. Maimakon ka haƙa kwaroro a cikin faifai, ka ɗaure sanduna biyu masu kusurwa huɗu a samansa da sukurori, ka bar tazarar faɗin mariƙi tsakaninsu. Ɗaya daga cikinsu ka huda ta a gefe, ka yi tiredi, ka sa ƙananan sukurori uku masu danne mariƙin. Abin lura shi ne tsakiyar wannan tazara ta bi ta kan tsakiyar turke.

Kada ka haɗa su da walda. Zafi yana murɗa faifai, kuma fuskar da ka sha wahala ka daidaita za ta lauje.

Boris zan sa a turke ko ƙarfe a kan ƙarfe ya isa?

A nan ya kamata ka kashe lokacinka, fiye da kan goge na'urar ta yi sheƙi. Abin da ake nema shi ne faifai ya juya da ɗan nauyi a hannu, ba tare da ya ɗaga ko ya yi lilo ba ko kaɗan. Fuska mai faɗi a kan fuska mai faɗi, da ɗan giris tsakani, ta fi ƙaramin boris na ƙwallaye. Boris irin wannan juyi ya iya, bai iya hana karkata ba, kuma sauƙin juyinsa ma illa ne: wuƙa tana kama ƙarfe sai ta fizge sandar daga hannunka.

Hanya mai sauƙi ita ce ka fitar da ɗan tudu a ƙasan faifai wanda zai shige ramin faranti cif, sannan noti ya jawo su daga ƙasa ta kan woshar tagulla. Kan notin ya nutse cikin faranti don kada ya taɓa silaidi. Ka sa maganin kulle tiredi ko notin da ke kulle kansa, in ba haka ba kai-da-kawowar sanda za ta kwance shi a tsakiyar aiki. Ka kuma ɗan rarake tsakiyar ƙasan faifan kaɗan, yadda gefensa ne zai zauna a kan faranti. Faifan da ya zauna a kan cibiyarsa rawa yake yi.

Gwajin ba wuya. Bayan ka ɗaure, ka kama ƙarshen sandar ka ɗaga sama ka danna ƙasa, ɗan yatsanka yana kan mahaɗar faifai da faranti. In ka ji motsi, ko ka ga giris yana leƙowa yana komawa, ba ka gama ba. Sannan ka huda ɗan rami madaidaici, misali na milimita 6, a tsakiyar faifan ta sama, tun yana kan inji lokacin da ka fitar da tudun. Amfaninsa yana cikin amsoshi biyu na saiti da ke gaba.

Haƙorin kabaid ko wuƙar da ake wasawa?

Kabaid, wato ɗan haƙori mai tauri da ake ɗaurewa a bakin mariƙi, yana hutar da kai daga washi, kuma in ka canza haƙori saitinka yana nan. Ƙananan da aka fi sawa su ne TCMT 110204 mai kusurwa uku da DCMT 070204 mai dogon tsini, dukansu da sukuru M2.5 ake ɗaure su. Mai dogon tsinin ya fi shiga lungun wuya. Ga alminiyam da tagulla, har ma da baƙin ƙarfe a ƙaramin inji, masu sheƙin nan da ake rubuta wa DCGT ko TCGT sun fi kaifi kuma ba sa danna aiki sosai. Wahalar kawai ita ce yin tiredin M2.5 ba tare da taf, abin yanka tiredin, ya karye a ciki ba: rabin juyi gaba, kwata baya, da mai.

Wuƙar HSS, wato wadda ake wasawa, mai kaurin milimita 6 ta fi arha, kuma kana iya wasa ta yadda kake so. Ka zagaye bakinta kaɗan da dutse, domin wuƙar za ta ci ta hagu ta ci ta dama. In tagulla za ka yanka, ka bar samanta a shafe ba gangare, in ba haka ba tagulla takan jawo wuƙa ta nutse.

Yaya zan kawo turke daidai ƙarƙashin tsakiya?

Ka sassaƙa ɗan fegi mai tsini wanda zai shiga ramin nan na tsakiyar faifai, tsayinsa ya kai tsakiyar inji. Ka sa wani tsinin a cok, wato bakin inji mai haƙora da ke riƙe ƙarfe yana juyawa, ko ka yi amfani da na wutsiya, wato matokarin da ke ɗaya ƙarshen inji, in ka tabbata a saite yake, ka murɗa silaidin gicciye har tsini biyu su sumbaci juna. Ka duba ta sama da madubin ƙara girma, kada ka yarda da ido tsirara. Daga nan ka mayar da ma'aunin silaidi sifili.

Ka riƙe wannan: kullum ta ɓangare ɗaya za ka iso sifilin, wato kana turawa ciki. Sukurun silaidi yana da ɗan wasa, in ka wuce ka dawo baya ma'auni zai nuna sifili alhali turke yana wani wuri. In ka wuce, ka koma baya juyi guda ka sake tahowa. Saitin fegi kusa yake kai ka; tabbaci sai ka yanka ƙwallon gwaji ka auna, kamar yadda aka bayyana a amsar lemun tsami da tumatir da ke gaba.

Yaya ake saita girman ƙwallo?

Hanya biyu. Ta farko da fegi marar tsini a ramin tsakiya. Kana son ƙwallo mai faɗin milimita 25, rabinta 12.5. Fegin faɗinsa 6, rabinsa 3. Tazara daga jikin fegi zuwa bakin wuƙa ta zama 9.5. Ka sassaƙa ɗan guntu mai wannan kauri ka sa tsakani, ka tura mariƙi ya taɓa, ka ɗaure.

Ta biyu ba ta son lissafi. Ka fara sassaƙa sandar zuwa faɗin ƙwallon daidai, ka daidaita goshinta. Turke yana sifili, ka tura mariƙi har haƙori ya shafi gefen sandar, ka ɗaure. Sai ka juya sandar na'ura haƙori ya fuskanci goshi, ka matso da sirdi har ya shafa, ka kulle sirdi. Shi ke nan, turke yana inda ya kamata ta kowane ɓangare. Wajen yanka sai ka janye silaidin gicciye baya, ka riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, rabin milimita a farko, kana share kusurwoyi, har ka iso sifili da yanka na ƙarshe mai sauƙi, kamar milimita 0.05.

Yaya zan shirya ƙarfen? Na'urar tana neman bugun cok.

Wannan kuka ne na kowa. Faifai yana da faɗi, kuma don wuƙa ta zagaya bayan ƙwallo dole gefensa ya matso kusa da haƙoran cok. Fara da yanke wuya a bayan inda ƙwallon za ta ƙare, mai faɗin da haƙori zai shiga. Ga ƙwallon 25 mai wuyan milimita 10, daga goshi zuwa inda wuya ya fara kusan milimita 24 ne.

Dabarar da ta fi ita ce ka raba ƙwallo da sanda. Ka yanko guntu, ka huda shi, ka yi tiredi M8 ko M10, ka ɗaura shi a kan gajeriyar sanda mai ƙwari da ka yi wa tiredi da 'yar kafaɗa. Juyin inji yana ƙara ɗaure shi ne. Dama yawancin ƙwallayen hannu suna buƙatar wannan rami, kuma sanda ɗaya za ta yi maka goma. Mai kolet, wato mariƙin da ke matse ƙarfe a zagaye maimakon cok, irin ER32, ya huta da rabin matsalar, tunda ba shi da haƙora masu leƙowa. Ko yaya dai, kafin ka kunna inji ka juya cok da hannu zagaye guda, sandar na'ura tana can ƙarshen hagu, ka ga babu abin da ya taɓa.

Ƙwallona ta fito kamar lemun tsami. Ta abokina kuma kamar tumatir. Me ya faru?

Ciwo ɗaya ne, turke ba ya tsakiya. In ya wuce layin tsakiya ya yi can baya, ƙwallo tana tsukewa a ciki ta yi tsawo da ɗan tsini a goshi, wato lemun tsami. In bai ƙarasa ba, yana ɓangarenka, ƙwallo tana faɗi ta gajarce, goshinta ya baje, wato tumatir. Ta tumatir tana gyaruwa, ka ƙara shiga kawai. Ta lemun tsami an riga an ci naman, sai dai a mayar da ita ƙaramar ƙwallo.

Awo zai gaya maka nawa ne kuskuren. Ka saita wuƙa a 12.5, ka auna cikin ƙwallo da maikiromita, wato ma'aunin kauri, ka sami 25.4: rarar 0.4 ce, rabinta 0.2, da haka turke ya gaza isa tsakiya. Ka gyara sifilinka, ka yi 'yar alama a jikin silaidi don gobe. Ka dai san ma'aunin injinka, wasu tafiyar silaidi suke nunawa, wasu kuma abin da ya ragu a faɗin ƙarfe.

Akwai ɗan tsiro da ke saura a goshin ƙwallo. Shi ma turke ne?

A'a, wannan tsayin haƙori ne. Abin mamaki, haƙorin da ya ɗan yi sama ko ƙasa ba ya ɓata zagayen ƙwallo, tunda tazararsa da cibiyarta ba ta canzawa. Girmanta kawai yake ƙaruwa da abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ba zai taɓa isa tsakiyar goshi ba, sai ya bar tsiro mai faɗin ninki biyu na kuskuren. In ya yi ƙasa, ka sa siririn gwangwani a ƙarƙashinsa. In ya yi sama ya fi muni, domin gogawa yake maimakon yanka, sai an rage mazauninsa. Shi ya sa wajen ƙira gara ka bar mazaunin ya ɗan gaza da gashi guda.

Wuƙa tana kuka, jikin ƙwallo ya yi zane-zane. Gudu nawa ya dace?

Ka bi waɗannan tambayoyi da tsari: turke yana motsi? (koma amsar boris.) Sirdi a kulle yake? Ƙarfen ya leƙo da nisa, ko wuyan ya yi siriri tun da wuri? Ka bar wuya da kauri, ka rage shi bayan ƙwallo ta fito. In duk waɗannan lafiya, ka rage gudu.

Da wuƙar HSS a baƙin ƙarfe, mita 25 zuwa 30 a minti shi ne abin da aka saba, wanda ga ƙwallon milimita 25 ya kama juyi 320 zuwa 380 a minti. Tagulla da alminiyam suna ɗaukar ninki biyu ko uku na haka. A goshi kuwa gudun yanka yana sauka kusan sifili, don haka ka sassauta hannu in ka iso nan. Sandar ja mai tsawon milimita 200 tana ba hannu damar tafiya a natse. Ka ja da hannu biyu, ɗaya yana ja ɗaya yana tarewa. Ɗigon kananzir yana hana alminiyam manne wa haƙori, baƙin ƙarfe yana son mai, tagulla a bushe ake yanka ta.

Tana iya fitar da kwarmi?

Tana iya, in ka tura haƙori ya wuce turke ya fuskanci waje. Wasu sukan yi mariƙi mai haƙori biyu, gaba da baya, don wannan. Da haka ake fitar da kwarin tayar lanƙwasa bututu ko mazaunin ƙwallo. Yankan kwarmi ya fi jawo kuka saboda bakin haƙori yana taɓa wuri mai faɗi, sai a rage ci.

Wajen gogewa fa? Na ga ana naɗe sanfefa a yatsa.

Kada ka yi. Ka yanko doguwar tsiri ka riƙe bakinta biyu da 'yan yatsu yadda in ta kama za ta suɓuce, ko ka manna ta a jikin katako. Ka janye na'urar baya tukuna, ka rufe hanyoyin inji da takarda, ba tsumma ba. Fara da lamba 240, ka bi da 400, ka ƙare da 800 da ɗan mai. Hannun riga a naɗe, babu safar hannu, babu zobe ko agogo, kuma babbar riga ba ta zuwa kusa da cok. Magagari kuma kada ya hau inji sai da ƙotarsa.

Zan iya yin ƙwallon boris, ko ta jan tirela, ko ta ƙafar mota da ita?

Ƙwallon boris ba sassaƙa ta ake yi ba. Daga waya mai sinadarin kurom ake dunƙula ta, a ƙona ta ta yi tauri, a niƙa ta tsakanin faifai har kuskurenta ya koma ƙasa da abin da maikiromitarka ke iya gani. Na'urar gida in ta ba ka ƙwallo mai kuskuren milimita 0.05 ta yi ƙoƙari, kuma kullum akwai wuya ko rami a gefe ɗaya. Ƙwallon jan tirela, mai milimita 50 a ma'aunin Turai, da ta ƙafar mota, siffarsu ba za ta gagare ka ba, amma ƙarfensu da ƙonawarsu da gwajinsu ba na shagon gida ba ne, kuma ranar da wuyan ya karye a kan titi ne zai karye. Waɗannan ka saya. Kan liba, hannun injin niƙa, ƙafar fitila, adon ƙyauren ƙofa, mahaɗin mariƙin kyamara, duk naka ne.